Inda Babu Wurin Sauka

Jirgin ya sauka da fasinja ɗaya a lulluɓe. Tsohon matuƙin jirgi ne da ya yi ritaya, asma ta shaƙe shi a saman teku.

Sufeto ya tsani a ce masa "ajali ne" tun bai duba ba, kuma abin da manajan filin jirgin ya tare shi da shi ke nan. Sufeto ya zaro abin shaƙar maganin asmar mamacin daga aljihun kwat, ya girgiza. Wayam.

"Ƙarya ne," in ji matar mamacin, idonta jawur. "Sabo fil na saya masa kafin mu shiga. Ranka ya daɗe, kada ka bari a rufe maganar nan."

"Wa ya taɓa kwat ɗin?"

"Ma'aikaciyar jirgi ce ta karɓa ta rataye. Har ta ce, 'Kawo, Kyaftin.'"

Sufeto ya shiga jirgin. Kujerar mamacin na ta ƙamshin turare mai hawa kai, irin wanda ko mai lafiya sai ya yi tari. Ya nemo matuƙin da ya kawo su.

"Me ya hana ka sauka da shi?"

"A ina? Nisan da ke gabanmu daidai yake da na bayanmu, ƙasa kuwa ruwa ne zalla. Duk tafiyar babu wuri mafi muni."

Aka shigo da ma'aikaciyar jirgin cikin ofis. Ta zauna tsaf, ko ɗankwalin wuyanta bai karkace ba.

"Kin san shi?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"To wa ya gaya miki Kyaftin ne? Ba kaki a jikinsa. Turaren fa?"

"Kwalba ce ta suɓuce mini."

"Daidai tsakiyar teku? Kai, wannan kwalba ta san taswira."

Ta yi wani murmushi da ya sa tsigar jikinsa tashi.

"A hanyar nan babana ya rasu. Ƙirjinsa ya riƙe muna tashi, fitilun gari ma ba su ɓace ba. Mutumin nan ke tuƙa jirgin, na roƙa ya juya, ya ce ba zai ɓata tafiyar jama'a kan tsoho ɗaya ba. A cinyata Baba ya cika. Ni na fesar da maganin a banɗaki, na jira inda babu gaba babu baya, na zubar masa da turaren."

Sufeto ya ji tausayinta, ya kuma ji haushin kansa da ya ji. Ya miƙa wa kofur ankwa.

A bakin ƙofa matar mamacin ta tare su. "Ke ce kika durƙusa kusa da shi. Me kika raɗa masa?"

Ma'aikaciyar ta gyara hannayenta cikin ankwa.

"Abin da ya aiko a gaya mini ranar nan. Na ce, 'Yi haƙuri, an kusa.'"