Maɓallin Tab da Hannun Hagu

A shekarar da sanƙarau ya yi ta ɗibar mutane ne Naja'atu ta fara ganin Abdulmuhaimin. An turo ta ofishin lafiya a Gumel a matsayin mai buga tafireta, ta same shi gaban kwamfutar da likitocin waje suka bari, yana danna harafi ɗaya-ɗaya da hannun hagu. Na daman na kwance a cinyarsa. Ciwon ne ya kashe masa shi, ya bar shi da rai.

Aikin ba daɗi, wallahi. Kowane gari da foldarsa, Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar, kullum sai an shigar da waɗanda suka kamu da waɗanda aka binne. In ya rubuta cd, wato umarnin shiga folda, da farkon sunan gari, ya danna maɓallin Tab don a ƙarasa masa, sai injin ya yi ƙara ya cije, don fayiloli masu irin sunan sun cika wurin. Dole ya buga sunan gaba ɗaya. Shugaban ofis kuwa ya riga ya ce in bai ƙara sauri ba, za a nemo wani.

Kafin a ankara so ya kama su. Amma Bappa, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, ya ce, "Mai hannu ɗaya, gobe kuma a kore shi? Da me zai ciyar da ke?"

Ta yi kuka har ta gaji. Sannan a ofis ta jawo ƙaton littafin injin da babu mai buɗewa, ta yi ta fama da Turancinsa har ta gano layin umarnin da zai gyara matsalar. Ta saka shi a fayil ɗin saiti: complete cd 'p/1/d/'

Da safe Abdulmuhaimin ya rubuta cd Su, ya danna Tab. Sai ga sunan Sule Tankarkar ya fito cif.

Ya ɗaure fuska. "Wa ya taɓa min inji?"

"Ni ce. Yanzu in ka rubuta cd, folda kaɗai zai nemo maka."

"Tausayina kike ji ke nan, Naja'atu?"

"Kai, Muhaimin, ka cika girman kai! Tausayi ai na mutanen garin Ɗanzomo ne da ke jiran rahotonka kafin a kai musu allura. Kai son ka nake yi."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a rigarsa.

Ba a kore shi ba. Sai dai ciwon ya shiga gidan Bappa, ya ɗauke masa ɗansa Hussaini. Abdulmuhaimin ne ya shigar da sunan cikin waɗanda aka binne da yatsansa, kuma babu wanda ya fi shi zama wajen makoki.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Bappa ya aika a turo magabata. Aka ɗaura aure ba kiɗa ba guɗa. Da liman ya ce a yi fatiha, ango ya ɗaga hannun hagu shi kaɗai. Bappa ya matso, ya tallafo na daman ya ɗaga masa, ya ce:

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ɗana."