Tarko a Manhajar Yaya

Tun la'asar manhajar kamfanin take goge bayanan kwastomomi, manaja kuwa ya rantse in gari ya waye ba gyara, Auta mai kula da manhajar ce za ta amsa tambaya wajen 'yan sanda. Yayanta ne ya rubuta manhajar, ya kuma tafi kabari da asalin rubutun. Bayan isha'i ta zauna ita kaɗai a ofis, ta zare wayar intanet don kada kowa ya sa mata hannu daga nesa, ta farke manhajar, ta dasa mata birkin da ke tsayar da aikinta, tana bin ta layi-layi.

Nan ta ga tarkon: duk ranar da aka shiga da sunanta, a share komai, a bar sawunta.

"Yaya, ni?" ta ce. "Ni da na yi jinyarka har ka cika?"

Ta duba ranar da aka harhaɗa manhajar. Jiya ne.

Fankar sama ta tsaya cak. Warin kafur ya cika ɗakin, irin na likkafani. Hannayenta na kan cinyarta, amma maballin kwamfutar ya nutse da kansa, ƙas, layin da ta tsayar ya matsa gaba. Ƙas, ya sake matsawa, saura ɗaya ya kai umarnin share sauran bayanan.

Kujerar da ke bayanta ta yi ƙara kamar an zauna. Wani sanyi ya sauka a kafaɗarta, yatsu biyar.

"Autar Inna," in ji muryar, a hankali, ba numfashi a cikinta. "Ban hana ki taɓa kayana ba?"