Azarar Kan Ƙofa

Ranar da abin ya fara, Zuwera na tsakar gida tana kwashe tuwon dawa, ladanin unguwa kuma yana gyaran murya zai kira magariba. Zafin bazara ya kwanta a kan Gaya tun safe bai ɗaga ba, ko ganyen dogon yaron ƙofar gida ba ya motsi. Daga nesa ana jin gurnanin manyan motoci a layin gada, masu jiran ƙetare iyaka zuwa Malanbil. Sai wani abu ya faɗo tsakiyar kwanon miya, ya ɓata mata zane. Ta duba ta ga guntun jar ƙasa ne, irin na tsohuwar katanga. Ta zagi yaran maƙwabta, ta haɗa da iyayensu, ta leƙa waje ba ta ga kowa ba. Tana juyowa na biyu ya faɗo gabanta, kuma ta ga inda ya fito da idonta. Daga tagar sabon ɗakin mijinta ne, ɗakin da ke kulle tun hantsi.

Mijin nata, Isufu, mai kamyo ne, babbar motar kaya, yana jigilar albasa da shinkafa. Tsohon gida ya gada a cikin gari, ginin ƙasa mai kaurin bango, ya ce ba zai rushe shi ba, gyara zai yi. A nan kam ya yi tunani. Ya bi gari yana tsintar kayan gidajen da ake rushewa: ƙyauren ƙarfe na wani tsohon shago, tagogi masu sanduna, jan bulo da aka kankare wa siminti. Rufi ne ya tsaya masa. Yana son azara, ga shi ma'aikatan gandun daji sun sa ido kan giginya, sabuwar da ake samu kuma fara ce, gara na cinye ta kamar rogo. Tsohuwar azara, baƙar nan da hayaƙi ya gasa shekara da shekaru, ita ce ba ta jin gara ba ta jin ruwa. Isufu ya tuna inda zai same ta kyauta.

A ƙauyensu, Bana, gidan kakansa ya zama kufai, katanga ta zube, rumbuna sun kife. Soro ɗaya ya rage a tsaye, da wata bukka gefensa, inda ƙanwar ubansa Gwaggo Ajuma ke zaune ita kaɗai. Jinkar bukkar ta ruɓe tuntuni, shi ya sa duk damina tsohuwar kan kwashe tabarmarta ta koma soron. Isufu ya san haka sarai. Amma da Idi magini ya tambaye shi ko akwai mutane a gidan, sai ya ce, "Kufai ne, babu kowa."

Mutanen gidan suna da yadda suke yi in za su taɓa tsohon ɗaki. Mai rushewa kan tsaya bakin ƙofa da magariba ya yi sallama, ya sanar da waɗanda ido ba ya gani cewa su nemi wuri, sannan a dakata. Ko an kwashe rufi duka, azarar kan ƙofa ba a taɓa ta, ana barinta ga masu ɗaki. Isufu ya iso da rana tsaka, da kamyo da ma'aikata, ko injin bai kashe ba. Gwaggo Ajuma ta fito da sandarta ta gaya masa duk wannan, ta ƙara da cewa hadari ya fara haɗuwa a gabas, ina za ta kwana?

"Camfi ne, Gwaggo," in ji shi. "Zan aiko miki da tol, kwanon rufi, a rufa miki bukka, ya fi wanga tsohon abu."

Ta sake magana, ya yi kunnen uwar shegu. Da hannunsa ya ɓamɓare azarar kan ƙofa, don ita ce ta fi kauri, ya kawo ta Gaya ya sa aka ɗora ta kan ƙofar sabon ɗakinsa na baƙi. Tol kuwa har yau ana jira. Ba rashi ne ya hana shi ba, a bayan gidansa akwai tulin tsohon tol da kaji ke kwana a kai. Mantawa ya yi, irin mantuwar da ake yi wa wanda aka raina, kuma wannan ita ce ta fi ba mutum haushi.

Jifa ta zama abin kowace magariba. Da rana gidan lafiya lau, amma da zarar inuwa ta cinye tsakar gida, tsuntsaye suka yi shiru, sai guntayen ƙasa su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifar ba ya sauri. Wani lokaci a ji tari a cikin ɗakin, tarin tsohuwa, busasshe. Isufu ya ce 'yan hassada ne. Zuwera ta ce masa hassada ba ta tari.

Daga nan ɗakin ya fara yoyo. Ko ɗigo ɗaya bai sauka a Gaya ba, ƙasa a bushe ƙayau, amma wata magariba 'yarsu Salima, wadda ke kwalej, ta shiga share ɗakin ta tarar ruwa na ɗiga daga azarar kan ƙofa. Ya ɗigo mata a tsakar kai, mai sanyi. Isufu ya kira Idi ya wanke shi tas, ya ce aikin banza ya yi masa. Idi ya hau rufi ya sauko ya ce ko raɓa babu. Washegari masu kawo kaya kasuwa suka ba da labari cewa jiya an sha ruwa a Bana har kwalbati ya cika. Zuwera ta ji, ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi gefe.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidan Isufu yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ita ya doka. Salima ta daina cin abinci. Ta daina zuwa makaranta. Da magariba sai ta je ta rakuɓe a lungun ɗakin nan, ta dunƙule, haƙoranta na kaɗawa, kayan jikinta jiƙe sharkaf alhali mutane na fifita da mafici. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga zazzaɓi ba. Jikinta na ƙarewa a gaban idon uwarta. Ranar da ta ɗaga kai ta dubi ubanta da idon da ba nata ba, ta kira shi da sunansa gatsau, Zuwera ta yafa mayafi.

"Ina za ki?" in ji Isufu.

"Wurin Malam Alfari. In kai ka zaɓi katako, ni ɗiyata nika so. Ka hana ni in kana iyawa."

Bai hana ta ba.

Malam Alfari tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya, almajiransa ma sai sun matso suke jinsa. Ya zo bayan la'asar, ya ƙi tabarmar da aka shimfiɗa masa a zaure, ya zagaya gidan yana taɓa bango. Da ya iso ƙofar sabon ɗakin ya tsaya, ya daɗe yana kallon baƙar azarar. Ya tambayi inda aka samo ta. Isufu ya ce wani kufai ne a ƙauye. Malamin ya yi alwala, ya zauna daura da yarinyar ya fara karatu.

Rana ta yi ƙasa. Hasken da ke shigowa ta taga ya koma ja, sannan ya dushe. Karatu na tafiya a hankali, aya bayan aya, har Salima ta fara murɗewa tana toshe kunne. Ruwa ya soma ɗiga daga kan ƙofa. Can sai ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, wata murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam. Ni ma musulma ce, kada ka ƙone ni."

"To baiwar Allah, mi ya kawo ki jikin yarinya?"

"Ba zuwa na yi ba, ɗauko ni aka yi. Tun kakan wanga mutum na yaro nike zaune kan ƙofar soron Bana. Ban taɓa tsorata kowa ba. Ya zo da rana tsaka, ba sallama, ya yaye muna rufi, ya ɗaure ni da igiya bisa mota kamar akuya." Kan yarinyar ya juya wajen Isufu. "Ka ce babu kowa. Ni ba ka ganina, na yi maka uzuri. Ajuma fa? Ita ma ba ka gan ta ba?"

Malam Alfari ya waiwaya. "Wace ce Ajuma?"

Zuwera ce ta amsa cikin fushi, ta faɗi komai, har da tol ɗin da ke bayan gida.

"Duk ruwan da ya sauka Bana, bisa kanta yake sauka," in ji muryar. "Tsohuwa mai tari. Kowace magariba takan yi mini sallama, shi ko jininta ko gaisuwa ba ya aikawa. Na ce bari ya ɗanɗana, ya ga nashi cikin ruwa."

"Kin yi zalunci," in ji malamin, bai ɗaga murya ba. "Uba ya yi laifi, kin kama ɗiya. Wane littafi ya ba ki wannan? Ki fita yanzu."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Kin ce ke musulma ce."

Ruwa ya ci gaba da ɗiga a kan siminti. Sannan muryar ta ce a mai da rufin soro yadda yake, azara duka, kuma ba za ta saki yarinyar ba sai ta ga an yaɓe shi. Isufu ya yi wuf ya ce ya rantse zai mayar. Wata dariya mara daɗi ta fito daga bakin 'yarsa.

"Rantsuwarka da tol ɗinka duk ɗaya ne."

Ba wanda ya kare shi, don ba abin karewa. Malam Alfari ya ce shi ya tsaya a tsakani: sauran azara za su koma kafin wani ruwan, wannan a wuyansa, amma ta kan ƙofa yanzu za a cire, ita kuma ta bi abinta ta bar yarinya. Muryar ta yi gunaguni, ta ce ta yarda, da sharaɗi guda. Hannun da ya ɓamɓare, shi zai ɗauka.

Malamin ya miƙa wa Isufu diga. Ya hau kan turmi, ya tsaya bakin ƙofar ɗakin da ya yi ta nuna wa abokansa, ya ɗaga hannu zai sara.

"Sallama tukuna," in ji Malam Alfari.

Isufu ya yi sallama, murya ƙasa-ƙasa, kunya ta rufe shi. Ya fasa sabon shafen da hannunsa, siminti na zubo masa a ka, har azarar ta saki. Tana taɓa kafaɗarsa Salima ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nike ji." Zuwera ta fashe da kuka, kuma ko kallon mijinta ba ta yi ba.

Da safe ya ɗora azarar a kamyo, ya haɗa da tol, ya kama hanyar Bana. Ya tarar da soron a buɗe ga sama, bango ya jiƙe ya fara zaizayewa, jinkar bukka kuma ta rufta ciki. A wani lungun soron aka kafa tsumman buhu a kan sanduna. Gwaggo Ajuma na ƙarƙashinsa a dunƙule, daidai irin zaman da Salima ta riƙa yi, tana tari.

Ya sauke azarar daga kafaɗa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta lallaɓo da sandarta, ta shafa baƙin icen da tafin hannu, ta ce wa mai zama a cikinsa a hankali, "Kin dawo? Sannu da hanya." Sai da ta gama sannan ta ɗago ta dubi ɗan wanta.

"Yaya jikin Salima?"

"Da sauƙi, Gwaggo. Ki gafarce ni."

"Salima za ka roƙa, ita ta sha ruwan da ba nata ba." Ta yi tari, ta goge baki da gefen zane. "Na gaya maka da bakina, Isufu, ina tsaye gabanka da rana tsaka, ba ka ji ba. Sai da aka ari bakin ɗiyarka. Tashi ka ɗora, hadari na tahowa."