Waƙar da Aka Yi wa Aski

Ka taɓa jin waƙa a wayar salula, muryar ta fito kamar mai waƙar yana cikin randa? Ka san abin da ke kawo haka? To, ga labarin wani yaro ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, a Birnin Konni.

A shekarar 2008, malaminsu Mushe Seyni ya zo da ƙaramar rikoda. Ya ce gidan rediyon gari zai saka waƙoƙin tsofaffi ranar Asabar mai zuwa. Duk mai kaka da ta iya waƙa, ya ɗauko muryarta.

Yaron ya ɗaga hannu. "Mushe, kakata tana Bazaga. Ta iya waƙar niƙa."

"Ga rikoda," in ji Mushe. "Da ita za ka ɗauka, ba da salula ba. Salula tana yanke murya. Ka kula da batir."

Ranar Lahadi yaron ya hau amalanken kawunsa. Hanya da nisa. Sai ya kunna rikoda, ya mai da kansa ɗan jarida.

"Jama'a, ga labaran duniya! Jakin Kawu Mumuni ya ƙi tafiya!"

Kawu ya yi ta dariya. Yaron ya ɗauki kukan jaki. Ya ɗauki tarin Kawu. Ya saurara, ya sake saurara. Da suka isa Bazaga, rikoda ta mutu. Ba a sami batir a ƙauyen ba.

Kaka Barira kuwa ta riga ta wanke dutsen niƙa, ta sa awarwaronta.

"Angona, ka zo da rediyon?" in ji ta. "Ko dai ka zo cin tuwona ne kawai?"

Yaron ya ɓoye mata mutuwar batir. Ya ari tsohuwar salular Kawu, ya ɗauki waƙar da ita. Kaka ba ta san bambanci ba. Kafin ya tafi, ta gaya wa maƙwabta duka su zo gidanta ranar Asabar su ji ta a rediyo.

Da ya koma Konni, ya je shagon yayansa Halilu, mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa. Halilu ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Wannan fayil ɗan mitsitsi ne. Mushe na gani zai gane na salula ne."

"Yaya, ka ƙara masa girma mana."

"Girma kam sai in ƙara. Daɗin murya kuwa ba ni da shi a kanti."

Halilu ya juya shi zuwa MP3 babba. Ranar Litinin yaron ya kai wa Mushe.

"Da rikoda ka ɗauka?"

"I, Mushe."

Mushe ya ga girman fayil, ya yarda, ya ajiye. Sai ranar Juma'a ya zauna tace waƙoƙin a kwamfuta. Ya kira yaron.

"Zo ka ga wani abu. Kwamfuta tana iya zana hoton murya."

Ya buɗe waƙar kakar wata yarinya. Hoton ya fito kamar gonar gero, karare sun miƙe har sama, wani ya fi wani tsawo.

"Ƙasa, muryoyi masu kauri ne, kamar ganga," in ji Mushe. "Sama, masu siriri ne, kamar ƙarar awarwaro."

Sannan ya buɗe waƙar Kaka Barira. Ƙasan hoton a cike yake. Amma saman duk baƙi ne, ba komai. An yanke shi a miƙe, kamar wanzami ya bi da aska.

"Wa ya yi wa waƙar nan aski?"

Yaron ya dubi ƙasa.

"Salula tana zubar da muryoyin sama don fayil ya yi ƙarami," in ji Mushe. "Abin da ta zubar ba ya dawowa. In ka tsinka fura da ruwa, ka juye a babbar ƙwarya, gero ya ƙaru?"

"A'a, Mushe."

"To, mi ya faru?"

Yaron ya faɗi komai, har da kukan jaki. Mushe ya kusa dariya, amma ya daure.

"Mutuwar batir ƙaramin abu ne. Da ka faɗa mini ranar Litinin, da ka koma ka sake ɗauka. Yanzu lokaci ya ƙure. Ba a jin kalmomin waƙar sosai. Rediyo ba za ta saka ba."

Ranar Asabar mata suka cika gidan Kaka Barira. Aka saka waƙoƙin wasu tsofaffi. Aka gama shiri, ba a ji tata ba. Mata suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Washegari yaron ya isa Bazaga. Rikodar da Mushe ya sake ba shi na aljihunsa, da sabon batir, a kashe. Ya durƙusa gaban Kaka.

"Kaka, laifina ne. Ba rediyo ta ƙi ki ba. Ni na ɓata, kuma na ɓoye."

Kaka ta dube shi. "Jiya na ji kunya, angona. Har na ce ko muryata ce ta tsufa."

"Ba ta tsufa ba, Kaka."

"To, ka je gidan kowace maƙwabciya ka faɗa da bakinka. In ka dawo, kai za ka riƙa zuba mini gero."

Ya bi gida gida ya faɗa. Wasu suka yi masa tsiya, ya shanye. Sannan Kaka ta durƙusa gaban dutse, ta soma waƙa. Yaron ya riƙe rikoda kusa, ko tari bai yi ba.

Wannan karon hoton ya miƙe har sama. Mushe ya roƙi masu rediyo, suka saka waƙar a shiri na gaba. An ji kowace kalma. An ji gurzar dutse da ƙarar awarwaro. Mata suka yi guɗa, Kaka ta rufe fuska da gyale tana murmushi.

Yara, kuskure yana gyaruwa in an faɗe shi da wuri. Ɓoye shi ne ke ɓata lokacin gyara. In akwai wanda kake ɓoyewa yanzu, rufe littafin nan, ka je ka gaya wa malaminka ko iyayenka tun yau.