Jar Safar Hannun Lorene

"Mama, ki sa hannu a fom ɗin nan mu huta! Jirgina fa jibi ne."

Kirsten ta turo takardar kan teburin kicin. Mahaifiyarta, Lorene Haugen, ko kallonta ba ta yi ba. Idonta na kan taga, inda dusar ƙanƙara ta binne shingen gidan.

"Tafiyar awa uku ce, Kirsten. A hunturun nan wa zai riƙa kai ni wurinsa?"

"Ai shi ya sa nake cewa ki biyo ni Arizona! Haba Mama, Baba bai san ki ba. Jiya da kunnena na ji yana tambayar ki ko ke ce mai rabon magani!"

"Ni ai na san shi."

"Shekararki saba'in da shida! In kika zame a ƙanƙara fa? So kike in rasa ku duka biyun?"

Nan suka haɗu suna kuka.

Ba zan ce Kirsten muguwa ba ce, maƙwabta muke, a gabana ta girma. Tsoro ne ya mayar da ita kamar ɗan sanda. Shekara biyu ke nan mahaifinta Arvid yana gidan kula da tsofaffi na bakin tafki. Ciwon mantuwa ya fara kwashe sunayen jikoki, sai na 'ya'ya, sai na matar da suka yi shekara hamsin da huɗu tare. Ko sanyi yake ji ba ya iya faɗa, sai ma'aikata sun taɓa wuyansa su ƙara masa suwaita. Amma bai taɓa tayar wa kowa hankali ba sai bayan Kirsimetin nan. Da huɗu ta buga, duhu ya fara sauka, sai ya bi ɗaki-ɗaki yana kwashe safar hannun mutane yana jerawa kan hita, na'urar ɗumama ɗaki. Ranar Talata wata safa ta ƙone, ƙararrawar gobara ta tashi, aka fito da tsofaffi talatin cikin barguna suna rawar ɗari. Shugabar gidan ta ce a mayar da shi sashen kulle a wani gari. Takardar da ke kan tebur ke nan.

"Kai ni in gan shi tukuna," in ji Lorene. Ta zura baƙar safar fata da Kirsten ta ba ta kyautar Kirsimeti.

Huɗu saura kaɗan suka isa. Suka tarar da nas ɗinsa, Hodan, tana riƙe da shi a baranda. Ya rame, abin tausayi, hawaye har gemu.

"Za ta makara! Ina suke? Hannunta zai tsage!"

Lorene ta miƙa masa hannu biyu. Ya dubi baƙar safar, ya ture.

"Ba ke ba, baiwar Allah."

"Kin gani ko?" in ji Kirsten.

Hodan ta matso, ta rage murya. "Misis Haugen, wani abu na damuna. Ba kowace safa yake ɗauka ba fa. Jajaye kawai."

Sai Lorene ta zauna kan benci. "Wayyo ni! Ni na jawo masa!"

Shekara ashirin da shida ta yi tana aikin yamma a masana'antar sarrafa naman talotalo, ƙarfe huɗu take fita. Ba ranar hunturun da Arvid bai ɗumama mata jar safar ulu ba, ya zura mata da kansa a bakin ƙofa. Ko a nan gidan, kullum in za ta tafi sai ya karɓa ya riƙe na ɗan lokaci ya mayar mata. Sabo ya sa ta daina lura. Tun Kirsimeti kuwa ba ta sake zuwa da ita ba.

"Kirsten, ina jar safata?"

"Wannan tsumman? Mama, duk ta ɓule! Tana but ɗin mota, cikin kwalin da zan kai coci."

"Ɗauko."

"Mama —"

"Na ce ɗauko!"

Kirsten ta dawo da safar a sandare don sanyi, dusa cike da gashinta. Lorene ta cire baƙar, ta saka jar, ta sake miƙa hannu. Kukan Arvid ya tsaya cak. Ya zare safar a hankali, ya nufi hita. Hodan ta yunƙura za ta tare shi.

"Arvid," in ji Lorene, "hita ta lalace."

Ya yi tsaki. "Kullum sai ta lalace!"

Ya buɗe suwaitarsa, ya cusa safar a ƙirji, ya rungume. Minti biyar yana tsaye haka, ba wanda ya motsa. Sannan ya kama hannunta ya zura mata ɗaya bayan ɗaya, ya gyara bakin.

"Ki bi a hankali a kwanar coci, akwai santsi."

Kirsten ta juya ta kifa kai a bango. Kuka take kamar ranta zai fita. "Ni na jefa ta kwali, Mama. Ki yafe mini."

"Share hawayenki. Ni ma da nake sawa ban gane ba."

Shugabar ta yarda a gwada mako biyu. Ba a sake jin ya taɓa safar kowa ba, takardar kuwa ba a sa mata hannu ba. Kirsten ta ɗage tafiya, ta riƙa tuƙa uwarta kullum da uku da rabi.

Kada ku zaci ya warke. A watan Maris ya rasu, tafki bai ko narke ba, kuma har ya tafi bai kira sunanta ba. Sai dai kwana sittin da ɗaya ta samu tana fitowa daga gidan nan da hannu mai ɗumi, kuma a gabanta ya cika, ba a bayan ƙofar kulle ba.

Ku yara masu saurin yanke wa iyaye hukunci, ku ji: wanda ya manta sunan mutum ba lallai ya manta son da yake masa ba. Kafin ku ce tsoho ya ruɗe, ku tsaya ku duba me yake nema. Lorene ta yi haƙuri ta zauna, ta ga sakamako.

Har yau da safar take zuwa coci. Kirsten ce ta ɗinke ɓular.