Ƙararrawar Sion

"Wai an ga Abdoul Aziz a Hatta."

Ramlat ce ta faɗa, tana gaban madubi tana ɗaura kallabi, kamar mai maganar tsadar tumatir.

Nafissa ta ajiye kofin shayinta a hankali.

"Wane Abdoul Aziz?"

"Nawa gare ki? Naki mana, na Suisse! Maimunat ta raka iyayen gidanta yawon dam ɗin garin ranar Asabar. Ta rantse shi ya sa wa yaran rigar ruwa kafin su shiga kwale-kwale."

"Maimunat ɗin da ba ta gane ƙanenta in ya sa hula?"

"Toh, ma chérie... ni dai na faɗa."

Ɗaki ɗaya suke haya a International City cikin Dubai, tafiyar ƙasa da awa biyu daga garin Hatta, kuma Nafissa ba ta manta ba: Ramlat ta taɓa kai wa Abdoul Aziz dambu har shagon cargo da yake aiki, kwanon ya dawo ba a buɗe ba. Mace irin wannan ba a karɓar shaidarta. Sai dai mai jin haushinka ba kullum yake maka ƙarya ba, musamman in gaskiyar ta fi ciwo.

Wata bakwai ke nan da tafiyarsa. Yayan Nafissa, Boubacar, mai harkar container a Deira, shi ne ya ce ƙanwarsa mai digiri ba za ta auri mai ɗaure kwali ba. Ranar da Abdoul Aziz ya zo da labarin ya samu aiki a Sion, wani tsohon gari cikin duwatsun ƙasar Suisse a Turai, ranar Boubacar ya fara ba shi hannu. Ya yanka rago, ya ce in Allah ya kai rai, aure bayan Babbar Sallah.

Ita kuwa Nafissa ta san Sion tun kafin haka. A ofishin tafiye-tafiye da take aiki a Al Khabaisi, ita ke sayar wa Larabawa hutun bazara a can, garin da ba ta taɓa takawa ba. Tuddai biyu a tsakiyar gari, kowanne da tsohon gini na dutse a kansa. Babbar majami'a mai doguwar hasumiya. Kasuwar ranar Juma'a a cikin lunguna. Gonakin inabi da suka hau dutse kamar matakala. Da tafkin nan na cikin kogo, kusa da gari, inda ya ce shi ke tuƙa baƙi a jirgin ruwa.

Kullum da yamma sai ya kira.

"Yau na hau tudun Valère, Nafi. Na tsaya ina kallon kwarin, na ce da kina nan..."

"Da ina nan me?"

"Da na saya miki cuku a kasuwa, kin yatsine fuska kin ce wari yake."

Sai ta yi dariya ta rufe ido, ta ga kanta cikin lungun, hannunta cikin aljihun rigar sanyinsa. A haka take rayuwa, rabinta a Dubai, rabinta a garin da take sayarwa.

Da safen nan wata Balarabiya da ta dawo daga hutu ta shigo ofis da ƙorafi.

"Habibti, gari mai kyau, wallahi. Amma ba ki gaya mini ƙararrawa ba! Safe ƙararrawa, rana ƙararrawa, ko waya ba ka yi cikin natsuwa. Khalas, baɗi sai wani garin."

Nafissa ta ba ta haƙuri, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta zauna.

Sai wani abu ya faɗo mata a rai.

Duk hirar da suka sha, ko sau ɗaya ba ta taɓa jin ƙararrawa a bayan muryarsa ba.

Ba ta jira kiransa ba. Da rana ta kusa faɗuwa ta fita barandar ofis ta kira shi da kanta. A lissafinta, a Sion la'asar ma ba ta yi sanyi ba.

"Nafi? Lafiya? Ba ki saba kira yanzu ba."

"Kewarka ce ta dame ni. Kana ina?"

"Ina... bakin majami'ar nan, na fito shan iska."

"Jiyar da ni ƙararrawar."

"Ai ba ta kaɗa ba tukuna."

"Zan jira, masoyina."

Tana jin numfashinsa, tana jin iska. Can nesa, siririya, sai ga wata murya ta taso.

Allahu akbar... Allahu akbar...

Ya katse wayar.

Nafissa na tsaye da waya a kunne, sai masallacin bayan ofishinsu shi ma ya ɗauki kiran magariba.

Ranar Asabar ta hau bas ɗin Hatta. Dogayen gine-gine suka ƙare, rairayi ya fara, rairayin ma ya ƙare, duwatsu suka taso, baƙaƙe, tsirara, ba ko ɗigon ƙanƙara a kansu. Duk hanya tana addu'a ɗaya: Allah ya sa Maimunat makauniya ce.

A bakin dam mutane sun yi layi. Ruwan kore shar tsakanin duwatsu, kwale-kwale ja da rawaya suna yawo a kai. Ga wani can ya durƙusa yana ɗaure wa wata yarinya rigar ruwa.

Ko daga ƙeya ta san shi.

Ta shiga layi kamar kowa. Da aka zo kanta ya miƙo rigar bai ɗago ba.

"Yalla, madam..."

"Wannan ne tafkin cikin kogon?"

Rigar ta faɗi ƙasa.

Ya rame. Rana ta ƙona shi har wuya. Ya ce wa abokin aikinsa ya riƙe masa layi. Suka koma gefe, inuwar wani dutse.

"Nafi..."

"Kar ka Nafi ni! Ina dusar ƙanƙarar? Ina inabin?"

"Sun hana ni visa," in ji shi. "Ana gobe tafiya dillalin da ya nema mini aikin ya kira ni. An riga an ci ragon Yaya Boubacar. Ya rungume ni gaban mutane ya ce mon frère. Ke kuma kina ta murna kina ninke mini rigar sanyi. Ta ina zan fara?"

"Sai ka fara da ƙarya."

"Na ce wata ɗaya ne, in sake nema. Na sake, suka sake hanawa. Kullum da safe sai in karanta labarin garin a waya, don in samu abin da zan ba ki da yamma."

"Hoton da ka turo cikin rigar sanyi fa?"

"A bayan ɗakinmu na ɗauka. Saura kaɗan zafi ya sumar da ni."

Dariya ta so ƙwace mata, kuka ya riga ta.

"Ka san me na yi a watannin nan, Aziz? Wayata agogo biyu gare ta, nawa da naka. In na ji an ce ƙanƙara ta rufe hanya a Suisse, abinci ba ya shiga bakina. Na ƙi zuwa bikin ƙawata don kada kiranka ya same ni cikin hayaniya. Ina kukan kana bayan teku... ashe kana ƙarshen layin bas!"

"Na sha zuwa Al Khabaisi." Ya sunkuyar da kai. "In tsaya tsallaken titi in ga fitowarki daga ofis, in koma."

"Ka gan ni, ka koma?"

"Ina tsoron in kin san ba ni da Sion, ba ni da ke."

"Wa ya ce maka Sion nake so? Sion sayar da ita nake, safe da yamma, ga duk mai kuɗin tikiti! Yaya ne ya nemi Turai. Ni mai ɗaure kwali na ce ina so, kai ne ba ka yarda da ni ba."

Ya share fuska da bayan hannu.

"Ki yafe mini, hasken idona. Ko me kika ce zan yi."

Ta daɗe tana kallon ruwan. Garin da ta gina a ranta yana rushewa lungu-lungu, ita ma kanta ta yi mamakin yadda rabuwa da shi ke mata zafi. Amma ga mutum a gabanta, da gumi, da ƙamshin da ta sani.

Ta ciro wayarta, ta nemo lambar Boubacar, ta miƙa masa.

"Zai fasa auren, Nafi."

"Wataƙila. Amma ba zan shiga ɗakin da aka gina da ƙarya ba. Ka faɗa masa da bakinka, ni kuma ina nan tsaye."

"Ba za ki tafi ba?"

"Bas ɗin ƙarshe ma sai ya jira ni."

Ya karɓa ya danna kira.

"Allô, Nafissa?"

"Yaya, ni ne, Abdoul Aziz."

"Ah, mon frère! Ya sanyin Turai?"

Ya dubi Nafissa. Ta gyaɗa masa kai.

"Yaya, ban je Turai ba."

Boubacar ya janye hannunsa daga maganar, ya daina amsa gaisuwar ƙanwarsa har azumi ya wuce. Kawunsu na Maradi ne ya ba da auren, bayan Babbar Sallah.

Abdoul Aziz bai taɓa zuwa Sion ba. Nafissa ma haka. Suna zaune a Hatta, a ɗaki ɗaya da falo, kusa da masallaci.