Ƙamshi Daga Rufaffen Kicin

Ranar da ta fara ganinsa, tsaye yake gaban teburin kayan miyar Ummanta da waya a hannu, ya dubi wayar ya dubi ganyen da ke kan tebur, kamar mai cigiyar ɗan'uwa a cikin taro.

"Malam, in ba saye za ka yi ba ka matsa, ka tare wa tumatir iska," in ji ta.

Ya yi dariyar kunya ya miƙo mata wayar. Bidiyon wata mai koyar da girki ce daga ƙasa mai nisa, tana lissafo ganyayen da ko sunansu ba a taɓa ji ba a kasuwar.

"Wannan ba za ka samu ba. Ga ɗan'uwansa, yau da safe aka tsinko shi a lambunmu, ya ma fi nasu ƙamshi. Madam ce ta aiko ka?"

"Babu madam. Ni zan dafa."

Sai ta ɗago ta dube shi da kyau. Ɗaliba ce mai karatun abinci da lafiya, in ta taso daga makaranta takan karɓi Umma a tebur. Shi kuwa gyaran firji yake yi. Ta ba shi lambarta, wai ko zai maƙale a hanya.

Da yamma ya turo hoton tukunya, gindinta baƙi ƙirin.

Ta rubuta: "Ranka ya daɗe, Sarkin Ƙanzo! Girki ka yi ko gobara?"

Ya amsa: "A yi haƙuri, Malama. Gobe zan sake."

Haka sunayen suka bi su. Kullum ya gwada sabon abu, kullum ta gyara masa: ya rage ruwa, ya bar zuba ganye tun da fari, ya daina cika tukunya da dunƙulen ɗanɗano alhali ga citta da tafarnuwa a banza. A hankali Malama ta koma Malamata, saƙonni suka fara wuce maganar tukunya.

Wata rana ta tambaye shi dalili. Yana juya ƙwayar albasa a hannu ya ba ta labari.

Innarsa ta rasu bara waccan. Daga dawowa maƙabarta Baba ya sa wa kicin ɗinta kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun gaba, ya ce ba a sake kunna wuta a gidan. Tun daga nan abincin leda suke ci. Baba ya yi loma biyu ya ture, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"In na gano yadda take miyarta, zai ci," in ji shi. "A ɗakina nake gwadawa, da ƙaramin gas, a ɓoye."

Abin da bai lura da shi ba, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da kicin, kuma akwai kafar iska a samansa.

Wata la'asar ya zuba albasa a mai, saƙonta ya shigo: "Sarkina, yau na gan ka daga nesa a kan babur, har na zuba wa wata mata barkono maimakon tumatir. Kai za ka biya."

Yana murmushi yana neman amsar da ta dace, albasar ta wuce ja ta doshi baƙi. Ya zabura ya zuba tumatir a kai. Ƙamshin da ya tashi ya sa ya ajiye wayar. Ita ce. Miyar Inna ce, kamar yanzu za ta ƙwala masa kira ya zo ya ɗauki kwanon Baba.

Ya fito da gudu zai yi albishir, sai ya tsaya cak. Baba na zaune a ƙasa jikin ƙofar kicin, ya kafa kunne a katako. Ƙamshin ya bi ta kafar bango ya cika rufaffen ɗakin, yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Yi a hankali," Baba ya raɗa masa, fuskarsa da wani haske da saurayin ya manta rabon da ya gan shi. "Uwarka na ciki."

Saurayin ya ja da baya. In ya faɗi gaskiya, ya sake kashe masa ita. Sai ya bar shi a haka, washegari ma ya sake ɗora tukunyar, don kawai ya ga hasken nan. Amma daga ranar ko loma biyun Baba ya daina. In an kawo leda sai ya ce, "Ka ci, ni zan jira nata."

Maƙwabta ma sun ji ƙamshin, sun kuma san kicin a kulle yake. Nan da nan zance ya zaga: marigayiya na dawowa girki. Abin takaici, unguwa guda, da masu digiri da masu furfura, sun fi sauƙin yarda matacciya ta tashi ta ɗora tukunya da a ce namiji mai rai ya ɗora! Dattijo na ƙarewa a gabansu, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya. Sai a ja tsaki a ce Allah ya kyauta, a wuce.

Zancen ya isa kasuwa. Umma ta ce ƙafar 'yarta ba za ta taka gidan fatalwa ba, ga ɗan aminiyarta mai kantin magani yana ta aike, gidansu kuwa ko ɓera ba ya motsi ba izini. Da saurayin ya gwada yi wa Baba maganar aure, Baba bai ko ɗago daga jikin ƙofar ba.

"Gidan nan yana da mai girki," ya ce.

Sai saurayin ya ɗauke ƙafa daga kasuwa, ya daina amsa waya. Ita ta ɗauka ya ji labarin mai kantin magani ne ya janye ba ko faɗa. Ta yi kuka, ta share, ta rubuta:

"In ka fasa, ka faɗa min da bakinka. Ban san ka da ragwanci ba."

Amsarsa ta zo da tsawo, ya zayyana mata komai. A ƙarshe ya ce: "Malamata, ni ne fatalwar. In na daina zai mutu da baƙin ciki, in na ci gaba zai mutu da yunwa."

Ta rubuta: "Ƙamshi ba ya ƙosar da mutum, masoyina. Gobe ka ɗora tukunyarka, ka bar ƙofar ɗakinka a buɗe. Ina zuwa."

Ta ja Umma, wai ta zo ta ga fatalwar da idonta. Umma ta taho tana karanto duk addu'ar da ta sani. Suka yi sallama suka tarar da Baba a inda ya saba, ya rame har ƙashin kafaɗarsa ya ɗaga riga. Ƙamshi ya cika tsakar gida. Umma ta damƙe hannun 'yarta.

Sai ga saurayin ya fito daga ɗakinsa riƙe da tukunya. Ya durƙusa ya ajiye ta gaban mahaifinsa.

"Baba, ni ne. Tun farko ni ne. Ka yafe min."

Baba ya dubi tukunyar, ya dubi kwaɗon da ke ƙofa. Hasken nan ya gushe daga fuskarsa a hankali, har yarinyar ta ji tsoron ko ta yi ɓarna. Can Baba ya sa yatsa a miyar ya kai baki. Ya rufe ido.

"Ka ƙona albasar."

"Kuskure ne da farko, Baba. Hankalina ne ya tafi wani wuri."

"Ita ma ba da gangan take yi ba." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. "Da ta ji ƙarar babur ɗina sai ta bar tukunya ta fito tarona. Shekara da shekaru ina mata tsiya, ita kuma tana cewa laifina ne." Ya ɗago ya dubi ɗansa. "Kai wa ya tafi da naka hankalin?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Oho," in ji Umma, ta saki ajiyar zuciya. "Yau na ga fatalwa mai gashin baki."

Baba ya yi dariyar da ta haɗu da kuka. Ya laluba aljihun gaba ya ciro makullin, ya miƙa wa yarinyar.

"Buɗe, 'yata. Ni hannuna ba zai iya ba. A samo min cokali a ciki."

Ƙura ce kawai a ciki, da tukwane a kife yadda mai su ta bar su. Ranar Baba ya cinye kwanonsa tas, ya nemi ƙari.

Bayan an ɗaura aure, amarya ta fara aiki a asibiti, saboda haka girkin yamma na ango ne, duk mai magana ya yi ta yi. Wata la'asar ya zuba albasa a mai, sai ya ji sallamarta daga ƙofar gida. Ya yar da ludayi ya fita da sauri.

"Kai, albasa!" Baba ya ɗaga murya daga kan tabarma. Ba wanda ya ji shi. Ya shaƙi ƙamshin da ke tasowa daga buɗaɗɗen kicin, ya ɗaga hannuwa sama.

"Allah ya jiƙan ki. Su kuma Allah ya yi musu albarka, ya sa su tsufa suna ƙona ta."